Mutanen Duniya: Likitan da Ya Ƙi Gudu Ya Bar Majiyyacinsa

 A wannan wata filinmu zai kai mu ƙasar Fotugal, can ƙurewar Turai ta yamma, inda tudu ya ƙare teku ya soma. Mutumin da za mu duba rayuwarsa sunansa Antonio Jose de Almeida. Likita ne, ya yi shekara bakwai yana duba marasa lafiya a wani tsibiri na Afirka, daga baya ya shiga siyasa har ya zama Shugaban Ƙasa daga 1919 zuwa 1923.

Cikin dukan shugabannin da suka riƙe Fotugal tsakanin 1910 da 1926, shi kaɗai ne ya cika shekarunsa huɗu cif, ya miƙa mulki hannu da hannu. Sauran kuwa, wani an harbe shi, wani soja sun tumɓuke shi, wani ya gaji ya ajiye aikin. Amma ba wannan kaɗai ya sa muka zaɓe shi ba. Almeida ya fara siyasa da baki mai wuta, ya ƙare ta yana neman sulhu, a tsakani kuwa ya gane cewa kunna wuta ya fi kashe ta sauƙi ƙwarai. Labarinsa na samari ne, na dattawa ne kuma.

Ɗalibi mai kaifin alƙalami

An haife shi a 1866 a wani ɗan ƙauye mai suna Vale da Vinha, cikin ƙasar Penacova. Da ya girma sai ya tafi birnin Coimbra, wanda ba shi da nisa da gida, ya shiga koyon aikin likita a jami'ar garin, wadda ita ce mafi tsufa a ƙasar.

Yana cikin karatu wani abu ya faru da ya girgiza Fotugal duka. A lokacin nan Turawa suna ta rabon Afirka a tsakaninsu. Fotugal tana riƙe da Angola ta yamma da Mozambik ta gabas, tana so ta haɗa su da ƙasashen da ke tsakani, wato wajejen da yau ake kira Zambiya da Zimbabuwe da Malawi. Ingila ita ma ta sa ido a kan waɗannan ƙasashe. Ran 11 ga Janairu 1890 sai Ingila ta ba Fotugal wa'adi, ta ce ta janye sojanta daga can nan da nan. Fotugal ba ta da ƙarfin ja da Ingila, sai gwamnatin Sarki Carlos ta bi umarni. Mutanen ƙasar suka ji kunya, kunya ta zama fushi, fushi kuwa ya faɗa a kan gidan sarauta.

Almeida yana ɗan shekara 23, ya rubuta wata maƙala a jaridar ɗalibai, ya ci mutuncin Sarki ƙiri-ƙiri, ya ce shi ne zai zama na ƙarshe a gidan sarautar Braganza. Aka kai shi gaban shari'a, aka ɗaure shi wata uku. Lauyan da ya tsaya masa sunansa Manuel de Arriaga. Ku riƙe wannan suna, gama za mu sake gamuwa da shi. Ɗaurin bai sanyaya saurayin ba, sai ma ya sa sunansa ya bazu cikin masu son a kawar da sarauta a kafa jamhuriya. Ya koma makaranta, ya gama karatun likita a 1895.

Shekara bakwai a Sao Tome

A 1896 sabon likita ya shiga jirgin ruwa ya nufo Afirka. Ya ɗan taɓa zama a Angola, kana ya zauna a tsibirin Sao Tome har 1903. Wannan tsibiri yana cikin teku kudu da Nijeriya, yamma da Gabon. Wuri ne mai ruwan sama da yawa da zafi da sauro, zazzaɓi kuwa yana kashe baƙi da 'yan gida. A nan Almeida ya ƙware a kan cututtukan ƙasashe masu zafi. Ya kuma kafa wata ƙungiya ta taimakon matalautan Turawan Fotugal, waɗanda suka zo neman arziki ciwo ya kayar da su, ba su da ko kuɗin jirgin komawa gida.

To, a nan ya kamata mu 'yan Afirka mu tsaya mu faɗi gaskiya. A shekarun nan Sao Tome tana cikin wuraren da suka fi ko'ina noman koko a duniya. Masu aikin gandayen koko yawancinsu daga Angola ake kawo su, da sunan sun sa hannu a takardar aiki ta shekara biyar, amma kaɗan ne ƙwarai suke sake ganin gida. Wani ɗan jarida Bature na Ingila, Henry Nevinson, ya je ya gani da idonsa, ya buga littafi a 1906 ya ce wannan bauta ce da sabon suna. A 1909 kamfanin Cadbury da waɗansu kamfanonin cakulan suka daina sayen kokon tsibirin. Waɗanda suka ɗaga wannan magana har duniya ta ji, wasu mutane ne dabam. Almeida mai neman 'yanci ne ga mutanen Fotugal, amma shi mai goyon bayan Fotugal ta ci gaba da riƙe ƙasashen Afirka ne. Ai fushin da ya kai shi kurkuku ma, fushi ne a kan an hana ƙasarsa cin ƙasar wasu. Mutum yakan ji zafin ƙayar da ta soke shi, ya manta da wadda ke ƙafar maƙwabcinsa. Ba mu faɗi haka domin mu shafe alherinsa ba, sai domin mu auna shi da mudu na gaskiya.

Daga ɗakin duba marasa lafiya zuwa majalisa

Da ya bar Sao Tome sai ya tafi Faris ya ƙaro sani a asibitocin can, ya dawo ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Lisbon, babban birnin Fotugal. Ba a daɗe ba talakawan birni suka san ƙofarsa, har aka riƙa ce masa likitan talakawa. Wanda yake ganin talaka kullum a kan gadon jinya, ba sai an gaya masa halin da ƙasa take ciki ba. A wannan zamani kusan mutum uku cikin kowane huɗu a Fotugal ba su iya karatu da rubutu ba. Ba abin mamaki ba ne da likitoci suka yi yawa cikin masu neman jamhuriya, kamar su Miguel Bombarda, likitan masu taɓin hankali, da Brito Camacho.

A 1906 aka zaɓi Almeida wakilin Lisbon a majalisa. Allah ya yi masa baiwar magana, in ya tsaya a dandali jama'a sai su yi tsit, in ya gama su ɓarke da sowa. A Nuwamba na shekarar nan rikici ya tashi a majalisa a kan kuɗin gwamnati da aka riƙa ba gidan sarauta, aka kirawo soja su fitar da waɗansu wakilai masu son jamhuriya. Sai Almeida ya hau kan tebur, ya yi kira ga sojan nan su juya su kafa jamhuriya a nan take. Sojan ba su bi shi ba, amma maganar ta riga ta fita, magana kuwa zarar bunu ce.

A Janairu 1908 aka sake kama shi saboda wani shirin juyin mulki. Yana tsare, ran 1 ga Fabrairu, waɗansu mutane suka harbe Sarki Carlos da babban ɗansa Luis Filipe a tsakiyar Lisbon, suna cikin keken doki. Ƙaramin ɗan Sarki, Manuel, ya hau gado yana ɗan shekara 18. Bai yi shekara uku a kai ba. Ran 5 ga Oktoba 1910 aka yi juyin mulki, Sarki Manuel ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar, aka yi shelar Jamhuriya.

Mai kunna wuta ya zama mai neman ruwa

A sabuwar gwamnati aka ba Almeida Ministan Harkokin Cikin Gida, a lokacin kuwa sha'anin ilimi da na lafiya duk suna ƙarƙashin wannan ma'aikata. A Maris 1911 aka kafa jami'o'i biyu sababbi, ta Lisbon da ta Porto, aka kuma yi dokar gyaran makarantun firamare. A shekarar nan ya kafa jarida mai suna Republica. Da aka zo zaɓen Shugaban Ƙasa na fari a Agusta 1911, Almeida ya goyi bayan tsohon lauyansa Manuel de Arriaga, shi ne kuwa ya ci.

Amma tun ba a je ko'ina ba sai 'yan jamhuriya suka rabu. Babban abin da ya raba su shi ne, yaya za a yi da waɗanda aka kayar? Ministan Shari'a, Afonso Costa, mutum ne mai zafi a kan Ikklisiyar Katolika, wadda ita ce ta yawancin mutanen ƙasar. A Afrilu 1911 ya fito da dokar raba gwamnati da ikklisiya. Dokar ta mai da dukiyar ikklisiya ta gwamnati, ta hana firistoci yawo a titi da rigunansu na aiki. Bishop-bishop da suka yi magana aka kore su daga garuruwansu. Kurkuku kuma suka cika da waɗanda ake zargi da son komowar Sarki.

Almeida yana cikin gwamnatin da ta yi wannan doka, ba za a ce hannunsa ba ya ciki ba. Amma da ya ga inda aka nufa sai ya ja baya. Ya ce jamhuriya ta dukan mutanen Fotugal ce, ba ta 'yan jam'iyya kaɗai ba, a jawo waɗanda aka kayar a jiki maimakon a tura su bango. A 1912 ya kafa jam'iyyarsa, wadda ta nemi a sassauta dokar nan, a kuma yi wa fursunonin siyasa ahuwa.

Kun san abin da ya samu saboda wannan ra'ayi? A Oktoba 1911 taron mutane suka tare shi a dandalin Rossio, tsakiyar Lisbon, suka yi masa ihu, har suka kai masa hannu. Jama'ar birnin nan da suka saba yi masa tafi, su ne suka juya masa. Ya koya musu yadda ake fushi da Sarki, sun iya darasin sarai, yanzu ba Sarki, sai suka juyo kan malaminsu.

Yaƙi, da zama da abokin gaba

A 1916 Fotugal ta ƙwace jiragen ruwan Jamus da ke tashoshinta bisa ga roƙon Ingila, Jamus kuwa ta yi shelar yaƙi da ita ran 9 ga Maris. Aka ga ba dama sai an haɗa kai. Almeida ya yarda ya zama Firayim Minista, ya riƙe ma'aikatar ƙasashen da Fotugal ke mulka, abokin hamayyarsa Afonso Costa kuma ya zama Ministan Kuɗi a ƙarƙashinsa. Gwamnatin ta yi wata goma sha uku, daga Maris 1916 zuwa Afrilu 1917. A zamaninta aka soma aika soja zuwa Faransa, inda fiye da mutum 50,000 suka je. Aka kuma yi yaƙi a Mozambik, inda 'yan Afirka masu yawa, soja da 'yan dako, suka mutu a yaƙin da ba nasu ba.

Yaƙin ya kawo yunwa da tsadar abinci. A Disamba 1917 wani hafsan soja, Sidonio Pais, ya ƙwace mulki. Bayan shekara guda aka harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Rossio. A farkon 1919 masu son sarauta suka yi tawaye a arewacin ƙasar, aka murƙushe su. Cikin wannan hali ne majalisa ta zaɓi Almeida Shugaban Ƙasa ran 6 ga Agusta 1919, ya kama aiki ran 5 ga Oktoba. Majiyyacin da aka miƙa masa yana kwance rai a hannun Allah.

Daren jini

Shekarunsa huɗu ba hutu a cikinsu. Gwamnati ta kan kafu ta faɗi cikin 'yan watanni, wata ma cikin 'yan kwanaki, har ya rantsar da gwamnatoci fiye da goma. Ma'aikata suna yajin aiki, darajar kuɗi tana zubewa, bama-bamai suna tashi a titunan Lisbon.

Mafi muni ya zo ran 19 ga Oktoba 1921. Waɗansu soja suka yi tawaye a ƙarƙashin Kanar Manuel Maria Coelho. Firayim Minista Antonio Granjo, wanda tsohon ɗan jam'iyyar Almeida ne, ya ga ba shi da ƙarfin tsare gwamnati, sai ya ajiye aiki. 'Yan tawaye suka zo wurin Shugaban Ƙasa su karɓi mulki, ya ƙi sa musu hannu, gama doka ba ta ba bakin bindiga ikon naɗa gwamnati ba. Da dare ya yi sai wata mota a-kori-kura, cike da sojan ruwa da waɗansu masu bindiga, ta shiga zaga gari gida gida tana ɗaukar mutane. Daga baya mutanen Lisbon suka sa mata suna motar fatalwa.

Granjo ya ɓuya a gidan Cunha Leal, wanda abokin hamayyarsa ne a siyasa. Da aka zo ɗaukarsa Cunha Leal bai sallama baƙonsa ya koma barci ba, ya bi shi har ma'ajiyar makamai ta sojan ruwa, aka ji masa rauni wajen kare shi. A can aka kashe Granjo. A daren nan kuma aka kashe Machado Santos, jarumin da ya tsaya da 'yan tsirarun mutane a 1910 har Jamhuriya ta kafu, da Carlos da Maia, da waɗansu.  Jamhuriya ce take cin 'ya'yanta.

Domin jini ya tsaya, Almeida ya sa hannu ya naɗa Kanar Coelho. Zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai, ya yi niyyar ajiye mulki. Wa zai ga laifinsa? Ga abokansa a kwance, ga shi an tilasta masa yin abin da ya ƙi da safe, ga ciwon gaɓoɓi yana cinsa. Amma jama'a suka yi gangami suka roƙe shi kada ya tafi, gama in ya tafi ba sauran wata hukuma da doka ta kafa a ƙasar. Ya zauna. Gwamnatin Coelho ba ta yi ko wata guda ba ta faɗi, a farkon 1922 aka yi zaɓe, mulki ya koma hannun majalisa.

Waɗansu za su ce ya yi rauni da ya sa hannu a daren nan. Waɗansu za su ce da bai sa ba, da motar ta ci gaba da zagawa. Kowa da nasa gani. Abin da ba gardama a kansa shi ne, likitan bai ɗauki jakarsa ya fita ta ƙofar baya ba sa'ad da jikin majiyyaci ya tsananta.

Ayyukan sulhu biyu

Abu biyu da ya yi a ƙarshen mulkinsa sun nuna irin mutumin da ya zama. Na fari, a 1922 Birazil ta yi bikin cika shekara 100 da rabuwa da Fotugal. Almeida ya tafi da kansa. Jirgin ruwan da ya ɗauke shi ya yi ta ba da wahala, bai isa Rio de Janeiro ba sai ran 17 ga Satumba, kwana goma bayan ranar bikin. Duk da haka aka karɓe shi da murna. A jawabinsa bai yi kukan ƙasar da ta kuɓuce musu ba, sai ma ya gode wa Birazil saboda ta karɓi 'yancin kanta a lokacin da ta karɓa. Da shugabannin Fotugal na baya sun yi wa Afirka irin wannan tunani, da an tsira daga yaƙin shekara 13 da aka yi daga 1961 zuwa 1974.

Na biyu, a Disamba 1922 Paparoma ya ɗaga jakadansa na Lisbon, Achille Locatelli, zuwa matsayin Kadinal. Bisa ga tsohuwar al'ada, Sarkin Fotugal ne yakan sa wa irin wannan jakada jar hularsa. Almeida ya yi wannan aiki da hannunsa a fadar Ajuda. Masu zafin ra'ayi cikin 'yan jamhuriya suka yi ta zaginsa, amma shi ya ga lokaci ya yi da gwamnati za ta daina faɗa da bangaskiyar yawancin mutanenta.

Ran 5 ga Oktoba 1923 ya miƙa mulki ga Manuel Teixeira Gomes. Ciwon gaɓoɓi ya ci ƙarfinsa har ya koma zama a keken guragu. Yana raye soja suka rushe Jamhuriyar ran 28 ga Mayu 1926, bayan ta ga gwamnatoci fiye da 40 cikin shekara 16. Ya rasu a Lisbon ran 31 ga Oktoba 1929, yana da shekara 63, ya bar mata da 'ya guda. Mulkin danniya da ya biyo baya, wanda Salazar ya daɗe yana jan ragamarsa, bai kau ba sai ran 25 ga Afrilu 1974. Tsibirin Sao Tome kuwa ya sami 'yancin kansa ran 12 ga Yuli 1975.

Abin tunani a gida

Ku samari masu kaifin baki da kaifin alƙalami, ba wanda ya ce ku yi shiru in kun ga zalunci. Sarautar da Almeida ya yi yaƙi da ita tana da laifofinta na gaske. Amma ku dubi bambancin kira a gyara da kira a ƙone. Wanda ya koya wa taro raina doka domin a kayar da maƙiyinsa, ya sani taron nan ba zai manta da darasin ba ranar da shi ma ya hau kujera. Tsakanin hawan tebur a 1906 da motar fatalwa a 1921 shekara 15 ce kawai.

Ku dattawa kuma, ku dubi ƙarshen rayuwarsa. Sauya ra'ayi a gaban jama'a abu ne mai wuya, balle ga wanda ya yi suna da zafi. Almeida ya sha ihu da zagi daga mutanensa saboda ya ce a yi wa maƙiya ahuwa, bai fasa ba. Bai warkar da ƙasarsa ba, gama ciwon ya fi ƙarfin likita guda. Amma ya zauna a bakin gado har wa'adinsa ya cika, ya miƙa majiyyacin da rai ga na bayansa. Da maigida a gidansa, da malami a makaranta, da mai unguwa a unguwarsa, kowa wata rana yakan ji kamar ya kaɗe rigarsa ya tafi. In ranar ta zo muku, ku tuna da likitan nan.